Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Binciken Kimiyya a Ƙasar Godogodo da Kafanchan

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta karɓi harabar Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta mallaka mata bayan ƙarar da hukumar EFCC ta shigar, ta mai da ita jami'ar tarayya ta kimiyyar aiki. Aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah ya shugabanci majalisar gudanarwa, Farfesa William Qurix kuma ya zama shugaban jami'ar na farko. Mutanen kudancin Kaduna sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, domin sun daɗe suna neman jami'ar tarayya a yankinsu. Sai dai in ka tsaya a kasuwar Godogodo ka tambayi mai citta ko mai doya me wannan kimiyya za ta ƙara masa, da wuya ya ba ka amsa. Ba laifinsa ba ne. Kusan shekara ɗari ke nan masana suna kai da kawowa a ƙasarsa da ma'auni da littafin rubutu, amma ba kasafai suke dawowa su gaya masa abin da suka gano ba.

Akwai binciken da ake yi don a sani kawai, irin na mai son gane yadda dutse ya samu a ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma wanda ake yi don a kawar da wata matsala da ta sha wa mutane kai: me ya sa citta ke ruɓewa a gona, ko ruwan wannan rafi zai iya juya inji a watan Maris, wane ƙwaro ne ke makantar da mazauna bakin kogi. Na biyun shi ake nufi da kimiyyar aiki. Alamarsa ita ce awo da kwatanci. Mai binciken ƙwarai ba ya cewa magani ya yi aiki sai ya raba gona biyu, ya sa a ɓangare ɗaya ya bar ɗayan, ya auna amfanin kowanne, sannan ya maimaita a wata daminar. Duk wanda ya zo muku da sakamako ba tare da wannan ba, talla ya zo yi.

Ƙasar da aka fi bincika don abin da za a ɗauka

Godogodo tana cikin ƙaramar hukumar Jema'a, maƙwabciyar Gidan Waya, a gindin tsaunukan Filato ta kudu maso yamma. Wannan zama shi ne tushen arzikinta. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana bugun tsaunukan ta sauke ruwanta a nan, shi ya sa ruwan sama a kewayen Kafanchan ke haura milimita 1,500 a shekara, alhali a Kano ba ya cika kai 1,000. Daga nan aka samu kurmi, da rafukan da ba sa ƙafewa da wuri, da ƙasar da citta ke so.

Turawan mulkin mallaka abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fara jan hankalinsu. Kuza ce ta kawo ma'aikata Godogodo daga wurare dabam-dabam, ita ce kuma ta sa aka ja layin dogo ya ratsa yankin. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, layin Fatakwal zuwa Kaduna ya haɗu da reshen da ya haura Jos. Injiniyoyin da suka auna waɗannan tuddai da kwaruruka sun iya aikinsu, ba a musu. Amma tambayar da aka ba su su amsa ita ce yadda kuza za ta isa bakin teku da araha.

Haka abin ya ci gaba. A 1957 aka fara dasa itacen tik, ɗan asalin Indiya da Bama, a gandun dajin Nimbia domin katako. A shekarun 1980 masanan duwatsu a Turai suka yi rubutu kan safaya da ake tsinta a yankin Nisama. A 2016 wani kamfani mai alaƙa da Ostireliya ya sanar da samun nikel a Dangoma, a ƙasar Jema'a. Ko ruwa bai tsira ba: madatsar Gurara tana cikin Jihar Kaduna, amma bututu mai tsawon kilomita 75 ne ke kai ruwanta dam ɗin Usuma domin mutanen Abuja su sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a yi masa bincike mai kyau ba. Abin lura shi ne wa ya yi tambayar, kuma wa aka kai wa amsar.

Ruwa ɗaya, masana uku

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda aikin injiniya da yawon buɗe ido da nazarin halittun daji suke a sarƙe ita ce a je Matsirga, kusa da Madakiya a bayan garin Kafanchan, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse mai tsayin mita 25 zuwa 30.

Injiniya in ya zo nan, lantarki yake gani. Lissafinsa ba shi da wuya. Abu biyu ne ke ba da wuta daga ruwa: tsayin da yake faɗowa, da yawan wanda ke wucewa. Lita 1,000 da ke faɗowa kowane sakan daga tsayin mita 30 tana ɗauke da ƙarfin kusan kilowat 290. In an cire asarar bututu da ta inji, sai a tashi da wajen 200. Wannan ya ishi asibitin ƙauye da injinan niƙa da gidaje masu yawa su samu wuta dare da rana ba tare da an sayi ko lita ɗaya ta gas ba. Ba sabon abu ba ne a yankin. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 da irin wannan ruwa ya riƙa ba wa wuraren haƙar kuza wuta daga Kurra, a kan tsaunukan Filato.

Wuyar aikin tana ga lamba ta biyu. Tsayin dutse ba ya canzawa, amma yawan ruwa yana canzawa ƙwarai. Wanda ya ga rafi a watan Agusta yana ruri, ya koma ofis ya rubuta rahoto, ya yaudari kansa. Ruwan watan Maris, lokacin da rani ya kai maƙura, shi ke yanke girman injin da za a saya. Kuma ba a sanin ruwan Maris da ziyarar kwana ɗaya. Sai an kafa sanda mai lamba a bakin rafi, an sa mutum ya riƙa karanta ta kullum yana rubutawa, shekara da shekaru, har a ga shekarar fari da shekarar ambaliya. Aiki ne marar armashi, ba ya kawo gwamna yanka kirtani. Amma da yawa daga cikin ƙananan dam da gadojin da ruwa ke tafiya da su, ko injinan da ke tsayawa da rani, rashin wannan littafin ne ya kashe su tun ba a aza tubali ba.

Jami'in yawon buɗe ido kuwa so yake ruwan ya ci gaba da faɗowa a inda ido zai gan shi. In injiniya ya karkatar da ruwan duka cikin bututu, baƙon da ya zo da rani dutse zai tarar. Ke nan sai an zauna an raba: kaza ya bi bututu, kaza ya bi hanyarsa. Shi ma rabon ba ya yiwuwa sai da awo.

Na ukun, masanin ƙwari, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali labarinsa ya fi na kowa nauyi a Jihar Kaduna.

Ƙudan da ke makantarwa

Akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda da ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da kumfa. 'Ya'yansa suna manne wa duwatsu da ganyayen da ruwa ke kaɗawa. Yana cizo da rana, kuma a cizon yake sa wa mutum wata tsutsa. Tsutsar tana girma ta yi ƙulli a ƙarƙashin fata, ta rayu har kusan shekara 15 tana haifar 'ya'ya dubbai da ido ba ya gani. Su ne ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, su ɓata fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, in sun shiga ido su kashe gani. A da akwai ƙauyukan bakin kogi da ganin yaro yana jan babba da sanda ba abin mamaki ba ne, har mutane suka riƙa barin fadama mai albarka suna komawa tudu.

A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin wannan cuta, Mectizan, kyauta. To amma ko maganin yana hana makanta in an raba shi ga gari duka? Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da suka amsa wannan tambaya a Jihar Kaduna aka yi shi, a ƙauyuka 34, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. An ba wasu magani na gaske, wasu ƙwayar da ba ta da komai a ciki, aka yi ta duba idanunsu shekara bayan shekara. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta The Lancet a 1993, ya nuna maganin yana rage lalacewar jijiyar ido.

Da sauran rina a kaba. Maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, ba ya kashe uwar. Dole a sha shi duk shekara har uwar ta mutu don tsufa. Wa zai bi ƙauyuka dubbai shekara goma sha biyar? Dabarar da ta ci nasara ita ce a bar gari ya zaɓi ɗansa ya riƙa rabawa. Maimakon sikeli aka ba shi sanda mai zane, a tsayar da mutum a auna tsayinsa, zanen ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Da ɗan gari akan ci gari. A 2012 aka buga sakamakon binciken da aka yi a yankunan Birnin Gwari da Kauru da Lere bayan shekara 15 zuwa 17 ana rabon magani. An gwada fatar mutum 3,703 a ƙauyuka 27, ba a samu tsutsar a jikin ko ɗaya ba.

A ganina wannan shi ne mafi kyawun misalin kimiyyar aiki da jihar ta taɓa gani. Ya haɗa masanin ƙwari da likitan ido da mai unguwa, ya ɗauki fiye da shekara ashirin, kuma amfaninsa ya tsaya a jikin mutanen da aka yi gwajin a kansu. Yana kuma da darasi ga injiniya. Bakin dam inda ruwa ke zubowa da ƙarfi wuri ne da wannan ƙuda ke so, don haka duk mai shirin datse rafi a yankin Jema'a ya kamata ya tafi da masanin ƙwari tun ranar farko.

Kurmin da tsuntsaye suka ba da shaida a kansa

A kusa da Kagoro akwai gandun dajin Nindam. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 wasu masana halittu suka yi ta zuwa nan suna kafa raga mai laushi, su kama tsuntsu, su auna shi, su rubuta, su sake shi. A 1986 uku daga cikinsu, Dyer da Gartshore da Sharland, suka buga jerin tsuntsayen dajin a mujallar Malimbus. Abin da ya ba da mamaki shi ne an samu tsuntsayen da aka sani da zama a manyan kurmin kudu, nan a tsakiyar ƙasar ciyawa, nesa da 'yan uwansu. Saboda irin wannan shaida ƙungiyar BirdLife ta sa Kagoro da Nindam cikin jerin muhimman wuraren tsuntsaye na Najeriya.

Mai karatu zai iya cewa, to, ina ruwan manomi da lissafin tsuntsu? Ruwansa a zahiri yake. Tsuntsun kurmi ba ya zama sai inda inuwa ta rufe, ƙasa na riƙe danshi. Ranar da ya ɓace, alama ce an sare dajin har ya fara bushewa, kuma wannan dajin ne ke riƙe ruwan damina yana sakin sa sannu a hankali cikin rafi da rani. Ruwan Maris ɗin da injiniya ke nema, da wanda mai lambu ke ban ruwa da shi, daga nan yake fitowa. Ƙirga tsuntsu hanya ce mai araha ta auna lafiyar daji.

Kada kuma a ɗauka kowane kore daji ne. Gonar tik irin ta Nimbia tana ba da katako da aikin yi, kuma tana da amfaninta. Amma itace iri ɗaya ne a jere, manyan ganyayensa suna hana ƙananan tsirrai tashi, kuma ba ya ciyar da tsuntsaye da ƙudan zuma yadda kurmi mai itatuwa iri-iri ke yi. Dasa tik ba ya biyan bashin kurmin da aka sare.

Akwai masu tara kuɗi su tsallaka teku don kallon tsuntsu kawai, kuma abin da suke biya a kai shi ne ɗan rakiya da ya san kukan kowanne da inda yake kwana. A Laminga, kusa da Jos, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, tana ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da ɗalibai tun farkon shekarun 2000. Ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, wanda kowa ke iya shiga da wayarsa. Matashin Kagoro ko na Godogodo da ya tashi yana harbin tsuntsu da danƙo ya riga ya mallaki rabin wannan ilimi.

Kan yumɓu a gonar doya

Abin da ya fi sa sunan wannan yanki a bakin duniya haƙar kuza ce ta tono shi ba da niyya ba. A 1928 aka fara cin karo da mutum-mutumin gasasshen yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 wani ma'aikacin ma'adinai a yankin Jema'a ya samu wani kai na yumɓu, ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar dabbobi. Daga baya kan ya isa Jos hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya lura ya yi kama da na Nok, ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne. Shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shiga tono na tsanaki, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Sun nuna cewa mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, suna cin atili, daga baya suka iya narka tama su fitar da ƙarfe. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka gwada abin da ya shige cikin jikin tsingaron tukwanensu. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu saura a cikinsu suna ɗauke da alamar kakin zuma. Wato shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a wannan ƙasa, kamar yadda ake yi yau.

Yaya ake sanin shekarun? Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa da rabi bayan kowace shekara 5,730 daga ranar da ya mutu. In an samu ƙwayar gero da ta ƙone ko guntun gawayi kwance tare da mutum-mutumi a rami ɗaya, sai a auna saura nawa ya rage a cikinta, a san zamanin. Ku lura da sharaɗin: sai an same su tare, a inda suke kwance. Wanda ya tona rami da dare ya ciro kan yumɓu ya sayar wa dillali, ya watsar da gawayin da gero, ya shafe labarin har abada. Shi kuɗin cefane ya samu, dillalin ƙetare ya ci riba mai tsoka, gari kuwa ya rasa abin da zai sa baƙo ya zo. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba. Wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan a gona, ya bar shi a inda yake, ya rufe, ya sanar da dagaci domin a kira hukumar.

Kayan da Jamusawan suka tono an nuna su a Frankfurt a 2013, daga baya aka maido da su Najeriya. Wannan abin yabo ne. Amma ni dai ina ganin da sauran aiki muddin ɗan firamare a Kwoi ko Godogodo bai taɓa karanta wannan labari da harshen da yake ji ba.

Dole a faɗi abin da ya fi komai hana yawon buɗe ido a nan, wato rashin tsaro. A watan Oktoban 2016 an kai wa Godogodo hari, an yi asarar rayuka da gidaje. Rikicin wannan lokaci ya sa aka rufe Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan na tsawon watanni. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawun ɓarayin, bayan 'yan kwanaki aka sako Jamusawan. Bikin Afan na Kagoro da ake yi ran 1 ga Janairu yana tara jama'a, amma baƙo daga nesa hanya yake fara tambaya kafin ya tambayi masauki, kuma mai bincike ma haka.

Abin da makiyayan Abet suka koya wa masana

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, ta buɗe aiki a Kaduna, ta zaɓi Abet kusa da Zonkwa da Kurmin Biri a ƙasar Kachia domin gwaji. Matsalar da suka tunkara kowane makiyayi ya san ta: da rani ciyawa tana bushewa ta zama ba ta da amfani a jiki, shanu su rame, nono ya ƙafe. Dabararsu ita ce a killace fili mai kimanin hekta 4 kusa da ruga, a kwantar da shanu a ciki su tattake ƙasa su zuba taki, a watsa irin wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a bar ta ta girma da damina, da rani a riƙa sakin shanu a ciki awa biyu ko uku a rana.

Masana sun tsara a sa shanu masu tatsa da masu ciki kawai, domin nono ya ƙaru. Da suka koma dubawa sai suka tarar makiyaya suna sa raunanan dabbobin da ke gab da faɗuwa. Da farko abin ya yi kama da rashin bin umarni. Da aka yi lissafi sai aka ga makiyayin yana da hujja: saniyar da ta tsallake rani da ranta ta fi ƙarin ƙwaryar nono daraja. Abin da ya hana dabarar yaɗuwa yadda aka so ba ciyawar ba ce. Tsadar waya da turakun shinge ne, da gobarar daji, da kuma babbar tambaya: wa zai kashe kuɗi ya killace filin da ba shi da tabbacin za a bar masa? Wannan tambaya ta ƙasa ita ce har yau take tsakanin manomi da makiyayi a yankin, kuma ɗakin gwaje-gwaje ba ya amsa ta shi kaɗai.

Citta kuma ta nuna wata fuskar aikin bincike. Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a su ne cibiyar nomanta a Najeriya, kuma kusan duka iri biyu ake shukawa, tafin giwa da yatsun biri. Ba a shuka ta da ƙwaya, yanki ake gutsura daga ta bara a binne. Ma'ana gonaki dubbai kusan jini ɗaya ne, cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama saura, kuma iri mai ciwo yana tafiya da ciwonsa daga kasuwa zuwa gona. A daminar 2023 cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da ta haura naira biliyan 12. Cibiyar da ke da alhakin binciken citta tana Umudike a Jihar Abiya, da ƙaramin reshe a Maro. Abin da manomi ke bukata sananne ne: iri mai tsabta da aka raino a ɗakin gwaji, juya shuka don kada a maimaita citta a gona ɗaya, kunya mai tsayi da ba ta riƙe ruwa, da malamin gona da zai ga alamar farko ya kai rahoto da wuri. A ɓangaren injiniya kuma, injin tsaga citta da rumfar busarwa mai tsabta za su fi shanya a gefen titi, inda ƙura da danshi ke karya mata farashi a kasuwar waje.

Idan mai bincike ya zo garinku

Ba a korar mai bincike, amma ba a kuma sakar masa gari haka nan. Dagaci ko shugaban ƙungiyar manoma yana da haƙƙin ya tambaye shi daga wace makaranta ko hukuma ya fito, ya nuna takarda. A tambaye shi wace matsala yake son warwarewa, wa ya biya kuɗin aikin, me zai ɗauka ya tafi da shi, ƙasa ce ko jini ko tsiro ko hoto. Ba a ɗibar jinin kowa ko a gwada masa magani sai an yi masa bayani da harshen da yake ji kuma ya yarda, yana kuma da ikon ya ƙi. A nemi ya ɗauki matasan gari su yi aikin tare da shi, su koyi riƙe ma'auni. Sannan a tsayar da rana, tun kafin ya fara, da zai dawo ya karanta sakamakon a gaban jama'a ya bar kwafi a makarantar gari.

Akwai kuma wanda ba sai an jira baƙo ba. Ma'aunin ruwan sama a farfajiyar sakandare, sanda mai lamba a ƙarƙashin gada, littafin da ƙungiyar masu citta za ta riƙa rubuta ranar shuka da ranar da aka ga ciwo da buhu nawa aka samu, duk ba su kai kuɗin biki ɗaya ba. Bayan shekara goma babu injiniya ko masanin da zai yi aiki a yankin bai nemi wannan littafi ba.

Ga shugabannin sabuwar jami'ar Kachia, da na reshen Kafanchan, da na kwalejin Gidan Waya, roƙona ɗaya ne. Ku sa ɗalibanku su ɗauko tambayoyin bincikensu daga bakin manoman citta da makiyaya da masu haƙar duwatsu na Jema'a, kuma kada a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya koma garin da ya yi aikin ya faɗa wa mutanensa abin da ya gano.